Zakaran Surukina Ya Mutu a Ɗaure

Malam, ina sanar da kai da dukkan masu karatu rasuwar wani jan zakara, wanda ya cika a bayan gidana da ke Lafagu, ɗaure a gindin mangwaro. Ka taimake ni, domin mutuwarsa na neman raba ni da surukina.

Baba Ma'azu, mahaifin matata Ni'ima, yana zaune a tsallaken iyaka, cikin Benin. Shi ya rungumo zakaran a kan babur don ya ba kajinmu iri. A al'adarsu, a gaban mai kyauta ake sakin zakara cikin kaji, ya ga an karɓa. To, bana ruwa ya ƙi ɗaukewa, akurki duk laima, ga zafin rana, ga sanyin asuba. Na ga zakaran yana gyangyaɗi da rana tsaka, sai na kai shi baya na ɗaure. Baba kuwa ko furar da aka dama masa bai taɓa ba.

Bayan tafiyarsa zakaran ya fara koren zawo, wuyansa ya murɗe, ya mutu. Na binne shi. Kajin Baba duk sun ƙare, haka na maƙwabtanmu da suka sayo a kasuwar Dole Kaina. Namu, alhamdu lillahi, ko ɗaya ba ta faɗi ba; har yau in na ji suna tono sai in yi ajiyar zuciya. Amma Baba yana faɗa wa dangi wai baƙin ciki ne ya kashe zakaransa. Ya daina ɗaukar wayata. Ni'ima tana murna da kajinta, tana kuka saboda ubanta. Yaya zan yi?

Mai Kaji, Lafagu

Mai Kaji, Allah ya ba da haƙurin rashi. Na karanta littattafai daidai gwargwado, ban ci karo da zakaran da ɓacin rai ya murɗe wa wuya ba. Ka yi daidai da ka ware shi, kuma ka ci gaba: duk baƙuwar kaza ta yi mako biyu ita kaɗai, ko daga hannun wa ta fito.

Sai dai ka ɗaure zakara ba ka buɗe baki ba. Dattijo ya yi doguwar tafiya da kyautarsa, ya ga an kai ta bayan gida kamar an kama ɓarawo. Yanzu kuma akurkinsa wayam, naka cike. Ba hujja yake nema ba.

Bar wayar. Ka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya yi wa kajinku rigakafi. Ka ɗauki Ni'ima ku je da kanku, ka ba shi haƙuri, kada ka ce uffan kan wanda ya yi gaskiya. Ku taya shi share akurki da zuba busasshiyar toka. In cutar ta lafa, ka kai masa 'yan kaji da zakara, ka ce masa ya ɗaure su a bayan gida tukuna. Ina jin zai yi dariya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare kaji. Bara a wannan fili na ce a jira shigowar sanyi kafin rigakafi. Na yi kuskure; damina ta daina tsayawa inda muka san ta, kada kowa ya jira.