Awon da ya tsaya a labule

Zuwa ga maigidana Laminu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Yamai? Ya amarya da yara? Mu nan Dakoro lafiya lau.

Albishirinka! An yi mini filafon, wato silin katako, kwanon rufi ya daina gasa ni. Amma saura ƙiris a rufe mini rabin ɗaki kawai. Idi kafinta, mijin gwaggonka Hajo, shi ya zo awo. Kunyar suruka ta hana shi wuce labulen gadona, sauran ya yi kirdado, kansa a duƙe.

Na ce wa kakanka, "Malam, allunan da Idi ya lissafa ba za su kai ba." Ya ce, "Ke kin taɓa riƙe guduma?" Ga shi daga Maradi ake ɗauko su.

Suna tafiya masallaci na auna bayan labule da tabarmata, na raɗa wa direban da zai ɗauko allunan ya ƙaro. Ranar aiki, allunan Idi suka ƙare daidai labule! Na sa aka fiddo nawa daga gidan maƙwabciya. Malam ya kama tari.

Yanzu ɗakina yake ƙailula, ni ko kullum sai na tambaye shi labarin guduma.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa.

Kakarka,
Balki