Fetebo

Kilomita Biyar, Bangui
2 ga Disamba, 1996

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen Maradi. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, sojoji sun sake yin bore, sun raba garin biyu. Mijina Sagiru yana Kamaru sarin kaya, hanya ta rufe masa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne 'yata Fiddausi. Kwana biyu kafin a fara harbi, yayar Sagiru, 'Yargoggo, ta ɗauke ta ta yi mata sati a unguwarsu, can ɓangaren masu bore. Yau kwana goma sha tara ban ga 'yata ba, yarinyar da ko shekara biyar ba ta cika ba.

Ban san hanya ba, ba na jin Sango, yaren garin, kuma an ce samarin da ke tsaron shinge suna tambayar inda mutum za shi. In bakinka ya nuna baƙo ne kai, sai su kwashe kayanka su koro ka. Na roƙi ƙannen Sagiru, Luba da Hadiyya, su raka ni. Su nan aka haife su, Sango ne a bakinsu, Hausarsu kuwa duk ta karye, amma ni suke yi wa dariya.

Tun da aka rufe shaguna ba su da aiki sai wani wasan kwali, irin gasar tambayoyin da suke kallo a talabijin. Akwai katuna da ƙaramar ƙararrawa, wanda ya ba da amsa daidai ya matsa gaba. Suka zaunar da ni dole, alhali sun san ban yi lakwal ba, karatun allo kawai na yi ban da boko. Da aka zo kaina, Luba ta ɗaga kati kamar tana karantawa, ta tambaye ni da Hausa sunan unguwar da 'yata take. Na ce Fetebo. Inna, har ƙasa suka faɗi. Wai Petevo ake cewa, da leɓe a rufe. Luba ta ce ranar da na faɗa daidai, ranar za ta kai ni.

Na kai ƙara wurin surukata, ta ce wasan ƙannen miji ne, wadda ta yi fushi ita ta yi abin kunya. Yanzu kullum bayan la'asar ana kiran maƙwabta su zo su ji. Ni kuwa ina zama, ina faɗa, ana buga mini ƙararrawa. Na tsane su, Allah ya yafe mini.

Ki gaida Umaru da ke karanta miki wannan.

Taki,
Sa'adatu


Bakin kogi, Bangui
13 ga Disamba, 1996

Innata,

Ina gaishe ki, ina fatan takardata ta farko ta same ki lafiya.

Na koyi faɗin sunan unguwar. A bayan ɗaki nake tsayawa ina danne leɓe ina sakewa, har bakina ya yi tsami. Shekaranjiya na faɗa daidai a gaban kowa. Sai Luba ta ce ai gasar zagaye uku ce, wannan na farko ne.

Jiya da safe na ɗauki mayafina na fita ni kaɗai. Na bi titin Koudoukou ina tambaya da hannu. A shinge wani yaro da bindiga ya tare ni, na faɗi kalmata guda, ko kallona bai yi ba ya ɗaga igiya.

Na tarar da gidan 'Yargoggo a kulle. Wani mahauci Bahaushe, Malam Ango, ya shaida mini sun ƙetare kogi zuwa garin Zongo, a ƙasar da ke tsallake, kwana tara da suka wuce, saboda ƙyanda ta kama Fiddausi kuma babu likita a unguwar. Ya ce shi da ƙafarsa ya kai saƙo gidanmu, a zo da uwar maza-maza, yarinya ba ta karɓar ko ruwa sai kiran uwarta take. Luba ya samu a ƙofa, ta ce za ta faɗa mini.

Na koma gida na tsaya a kanta. Ba ta musa ba. Ta ce, "Da na faɗa miki, da wa za mu yi wasan?" Surukata tana zaune tana jan carbi, ba ta ɗago kai ba.

Ban kwana a gidan ba, matar Malam Ango ta ba ni tabarma. Yanzu ina jiran mai kwalekwale, shi kuma malamin zai ba direba wannan takarda. Na tambaye shi yadda yarinyar take ranar da suka tafi, sai ya ce in yi ta addu'a, ya kau da fuska.

Inna, ki sa Baba ya tara malamai. Na sayo wa Fiddausi lemo biyu a hanya, ban sani ba ko zan sami wadda zan ba.

'Yarki,
Sa'adatu