Bencin da Auta Ya Zauna

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda. An ce fushi kake don ni na rubuta ƙyallen "Koci Ya Tafi" da muka ɗaga a filin wasa. Ni ne, har fentin ni na sayo. Tsohon nan ya mayar da 'yan wasanmu masu gadin kanti: a tare baya, a tare baya. Ga Auta, ƙanena, ɗan 'yar'uwarka, yaron da ƙwallo ke bin ƙafarsa kamar kaza da mai tsaba, ya shanya shi a benci har ya fara tsatsa. Kai direban motar kulob ne, dole ka kama bakinka. Ni ba mai ci da ni. Yanzu an kori tsohon, sabon koci ya ce Auta zai fara ranar Asabar. Zo ka ga ƙwallo.

Ɗanka,
mai gyaran waya

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Gwiwar Auta ba ta warke ba tun da ya faɗi a atisaye. Tsohon koci ya ɓoye wa shugabannin kulob, don da sun ji sai su sallami yaron. Shi ya sa ya zaunar da shi, yana shan zaginku. Ni nake kai su wajen mai gashin ƙashi in kowa ya watse. Auta ne ya roƙa kada a gaya maka, ya ce abin da ka ji da safe, kafin azahar ya zaga rumfar masu waya. Sabon nan nasara yake nema da gaggawa. Ka hana ƙanenka buga wasan.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

Kawu,

Ina gaisuwa. Na je wa Auta da maganar, ya ce, "Yaya, kai ka samo min wannan damar, yanzu kuma in ƙi?" Ranar Asabar ba a kai rabin lokaci ba aka fito da shi a makarar jinya. Waɗanda muka ɗaga ƙyalle tare suna bayana suna ihun a sayo sabon ɗan gaba. Na waiwaya zan zage su, na rasa kalmar da ba tawa ba ce. Don Allah ka kai ni wurin tsohon koci.

Ɗanka

Ɗana,

Na isar masa da saƙonka. Bai ce komai a kanka ba. Ya ce a daina gasa gwiwar da ruwan zafi, ƙanƙara za a sa. Ka zo da ita gobe, kai za ka riƙe wa Auta.

Ka huta lafiya.
Kawunka