Inna tana raba ƙwayarta

Yaya Sa'adatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigida da yara, ya zaman Fatakwal?

Na kai Inna da ƙanwarmu Hajara asibiti kan ciwon dajin nonon nan da ya kama su. Likita ya ba Inna ƙwaya, Hajara kuwa allurai masu zubar da gashi. Ya ce ciwon waɗanda haila ta ɗauke musu ya fi jin ƙwayar, na masu ƙuruciya bai cika ji ba.

Jiya da na je gida Yako na tarar Inna tana raba ƙwayarta da Hajara. Na maimaita mata bayanin likita. Ta ce, "Na ji. To, in warke in bar 'yata?"

Yanzu da hannuna nake ba Inna ƙwayar. Ki sa su a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Sani