Giɓin Haƙorina da Kuɗin Wuta

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙalau muke, gwiwar innarki ma ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Albishirinki, ubanki ya shiga jaridar waya! Kin san tun da aka tsawwala kuɗin wuta injin niƙana ya yi shiru, har kika ce in rufe shagon in dawo wajenki. To, wata 'yar jarida ta biyo layinmu da wayarta a kan sanda, ta tambaye ni ra'ayina kan tattalin arziki. Ni da bokona ya tsaya a aji huɗu, na ɗauka tambaya take yadda nake tattala dukiyata. Na ce ta fara nuna mini arzikin tukuna, tattalin ba zai gagare ni ba. Sai na yaye buhun da na lulluɓe injin da shi, ta ga gizo-gizo ya tare a bakinsa da iyalinsa. Duk ta ɗauka a hoton bidiyo, ta saka a jaridarsu.

Ashe 'yan jaridar sun daɗe suna rubutu kan kuɗin wutar masu ƙananan sana'a, ba mai leƙawa. Wautar tsoho ce ta tara jama'a. Yanzu sauran jaridun ma sun ɗauka, har hukumar wuta ta ce masu niƙa da masu walda mu turo wakilai ranar Litinin a saurare mu. Ni aka sa a gaba.

Abin da ke damuna, maƙwabcina mai walda ya karanto mini sharhin mutane, yawancinsu giɓin haƙorina suke tattaunawa. Jiya kuma farashin ƙwai ya fara ƙwace mana kasuwa. 'Yar jaridar ta ce su abin da jama'a ke dannawa suke bi, in an daina, sun wuce. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Don Allah ki tura wa mutanenki hoton, duk wanda ya ɗauko zancen haƙori ki mayar da shi kan wuta. In an rage, injin zai tashi. In ba a rage ba, ki share mini ɗakin nan.

Innarki ta ce in sa haƙorin roba kafin Litinin don kada in ba ta kunya. Na ƙi. Giɓin nan shi ne arzikin da nake tattalawa yanzu.

Ki gaida maigidanki da surukarki. Takwarana kuma ki gaya masa kakansa ya riga shi yin suna.

Naki,
Babanki mai niƙa.