Baƙin da Ba Sa Cin Hanta

Agege, Legas, ranar Litinin
Aikin farko yau: duba akwatin gilashi kafin fita mayanka.

Zuwa ga aminina Boubacar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah Ya sauwaƙe. Mero da yara suna yi maka sannu. Lado direban tanka ne zai kawo maka wannan takarda asibiti, tunda Ibadan a hanyarsa take.

Kamar yadda ka roƙa ranar da aka ɗauke ka daga Apapa, na kwaso akwatin gilashin daga ɗakinka, da injin iskarsa, da murjanin nan masu rai da ka ciro a ƙarƙashin teku. Na sani sabon haɗi ne, ka kuma ce in riƙe maka su har ka fito. Amma hankalina bai kwanta ba. Tun zuwansu suka tsuke, sun koma kamar ƙullutu a jikin dutse.

Na ga tsiro ne, sai na kai su bakin taga inda rana ke bugawa. Ka ce suna cin nama, don haka da mahauta suka ji muna da baƙi, kowa ya aiko da hanta. Ina yanka musu ƙanana kowace safiya. Yanzu ruwan ya yi fari-fari, gilashin ya yi kore, Mero kuma ta ce ɗakin yana wari. Wataƙila haka al'adarsu take, wataƙila kuma ni ne. Ka faɗa mini.

Ka huta lafiya.
Naka, Sunusi

Ibadan, ranar Juma'a

Malam Sunusi,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Wani ɗan Katsina da ke gadon kusa da ni yake rubuta mini, don haka in ka ga rubutu ya karkace, dariya yake.

Hanta! Kai Bakano, wato ko kifi ya sauka gidanka sai ka yi masa tsire? Waɗannan ba tsiro ba ne, dabbobi ne. A cikin wani mataccen jirgi na same su, liƙe a rufi, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ka maida su lungu, ka rufa wa gilashin zane. Tsame hantar duka. Ba Lado bido, jarka a bakinku, ya ɗebo ruwan teku daga can waje, ban da na bakin tasha mai mai. Ka riƙa rage tsohon kana ƙara sabo, a hankali. Abincinsu ɗanyen jatan lande, a daka. Da magariba ka ɗiga ruwansa ka jira. In sun buɗe, kowane baki da lomarsa, babu mai ci wa wani. In kuran ya tafi, wato wutar lantarki, ka hura musu iska da famfon keke.

Yanzu maganar da ba ta dariya ba. Lokotoro ya ce ƙafar ta tsira, amma huhu ba zai ƙara ɗaukar nutso ba. Na gama da ƙarƙashin ruwa, Malam. Abin da ke cikin gilashin nan shi ne na ƙarshe da hannuna ya fito da shi. Ban ce dole ba. In sun mutu, kada ka ɓoye mini.

A gaida Mero, a ba ta haƙurin wari.
Boubacar na Damagaram

Agege, ranar Laraba

Aminina Boubacar,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi. Na karanta takardarka, na daɗe zaune kafin in iya ninke ta. Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Na bi abin da ka ce. Ruwa ya washe, wari ya tafi. Ka ce kada in ɓoye maka: na gefen hagu sun mutu. Namansu ya saɓule, sai farin ƙashi, na cire su. Sauran har yanzu a tsuke suke. Kullum ina ɗiga ruwan jatan landen bayan sallar magariba, in zauna, ba abin da ke motsi. Jiya an ɗauke wuta tun azahar, ni da Mero muka yi ta karɓa-karɓar famfo. Ta ce tun da na auro ta ba ta taɓa yi mini fifita irin wannan ba.

Ban san yadda ake gane mai barci da matacce ba. Ina tsoron gawa nake yi wa hidima.

Naka, Sunusi

Agege, ranar Lahadi

Boubacar,

Salamu alaikum. Sun buɗe!

Na ɗiga ruwan, na tafi neman tabarau, sai na ji Mero tana cewa, "Malam, zo ka ga baƙinka sun tashi." Na tarar da 'yan hannuwa rawaya sirara sun fito zagaye da kowane baki, suna kaɗawa. Na miƙa wa ɗaya loma a kan tsinke. Ya naɗe ta, ya kai ciki, ya rufe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Guda ya tofar, na sake ba shi, ya karɓa. Sai da Mero ta tuna mini tuwona ya huce.

Lado ya ce ranar Asabar za a sallame ka. Ba za ka koma benen Apapa da sanda ba. Nan za ka sauka, ba kuma shawara nake nema ba.

Allah Ya kawo ka lafiya.
Sunusi

Na gobe, kada in manta:
— jarkar ruwa wurin Lado
— jatan lande, da sassafe
— robar famfo ta tsage
— a cike ramin ƙofar zaure, saboda sanda
— a matsar da gadon baƙo kusa da gilashin, ta yadda mai kwance zai iya kai hannu