Sheƙin Motar Baba

Alhamis, bayan Isha'i

Gobe Alhajin Wamakko zai zo sayen motar marigayi Baba, hankalina ya ƙi kwanciya. Mai fenti a Ƙofar Atiku ya gwada mani man goge mota iri uku. Folish ya rage karcen jikinta amma yana cin fenti. Kaki yana jure rana, sai dai ƙyallinsa kaɗan ne. Man sheƙi kuwa ya ɓoye karcen kaf.

"Da an wanke ta, karcen na dawowa," in ji mai fentin. Duk da haka man sheƙin na zaɓa, ya shafa mata.

Da Inna ta gan ta, ta shafa ƙofar ta ce, "Kamar ran da yas sawo ta."

Ya Allah, yaya zan gaya wa Alhaji gaskiya Inna na tsaye?